Punk a lokacin kulle: nisa bai cutar da shi kamar yawan gyara ba

Ranar 23 ga Maris 2020 aka sanar da dokar kulle ta annobar korona a Birtaniya, kuma a daidai wannan lokaci ƙananan wuraren wasan da makaɗan punk suka dogara da su suka rufe, daga Landan har New York. Ga wanda bai san kiɗan ba: wani nau'in kiɗan rock ne, ganga ce, da gita, da gitar bas, da mawaƙi mai ɗaga murya, waƙar kuma sau da yawa ba ta wuce minti biyu. Tun tsakiyar shekarun 1970 ƙa'idarsa ɗaya ce, ka yi da kanka, kada ka jira kamfani. Kiɗa ne na mutum huɗu a ɗaki ɗaya suna kallon idon juna. Da aka raba su gida-gida, mutane da yawa sun ɗauka nisan ne zai kashe shi. Ni a ganina abin da ya fi cutar da waƙoƙin wancan lokaci shi ne kwamfuta ta ba kowa damar gyarawa har sai waƙar ta rasa jini a jika.

Kuskuren farko da kusan kowa ya yi shi ne gwada kaɗawa tare ta Zoom. Ba ya yiwuwa. Makaɗa na iya jure jinkirin sauti na wajen milisakan 25 zuwa 30 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), kwatankwacin tsayawa nesa da juna da mita tara ko goma, tunda sauti na cin kusan mita 343 a daƙiƙa. Kiran bidiyo kuwa yakan haura milisakan 100. A gudun bugu 180 a minti, rabin bugu milisakan 167 ne kacal. Sai mai gita ya jira mai ganga, mai ganga ya jira mai gita, waƙar ta yi ta ja da baya har ta tsaya. Ga shi manhajar tana ɗaukar ƙarar gita a matsayin hayaniya, ta danne ta. Manhajojin kiɗa daga nesa irin Jamulus da JackTrip sun fi dama, amma sai da wayar intanet a soke a kwamfuta, ba Wi-Fi ba, kuma sai mutanen ba su yi nisa da juna sosai ba.

Hanyar da ta yi aiki ita ce miƙa-miƙa. Mai gita ya ɗauki waƙar da muryar wucin gadi a matsayin jagora, mai ganga ya ɗora nasa a kai, sannan a jefar da jagorar, kowa ya bi gangar. Bas, gita, murya, a jere. Kafin kowa ya danna ɗauka, a amince da tsarin fayil ɗin sauti guda: WAV, bit 24, kilohaz 48. In wani ya ɗauka a 44.1 aka kunna shi a 48 ba tare da juyawa ba, sautinsa zai ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, muryar gitarsa ta haye ta sauran, a kwana ana zargin bai ɗaure tsirkiya daidai ba. Kowane fayil ya fara daga daƙiƙar farko ta waƙar, ko da mai shi sai a tsakiya zai shigo. Layin sauti ɗaya na minti biyu wajen megabait 17 ne, don haka a tura shi ta Google Drive ko WeTransfer. Saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa.

Ƙarfin ɗauka kada ya taɓa jan layi, a bar kololuwarsa tsakanin desibel -12 da -6 a ma'aunin ƙara. Karcewar da ke fitowa daga amfilifaya daɗi gare ta, wadda ke fitowa daga cikar ma'aunin kwamfuta kuwa ɓarna ce zalla. Makirufo irin SM57 ɗaya, da ƙaramar na'urar shigar da sauti mai kafa biyu, da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity ta kyauta, sun isa. Mawaƙi ya rataya bargo a bayansa, ya rage ƙarar abin kunnensa, in ba haka ba ƙas-ƙas ɗin ma'aunin gudu, wato na'urar da ke ƙirga wa makaɗa bugu, zai zubo cikin makirufo.

A nan ne nake da ja da mutane. Ma'aunin gudu na taimakawa wajen haɗa aiki, amma mai gangar punk na gaske yakan ƙara wuta in an zo amshi, kuma wannan ƙarin shi ne fushin da kunne ke ji. A bar shi ya kaɗa ba ma'auni, sauran su bi shi. Kada a ja kowane bugu a daidaita shi kan layi. Kada a ɗauka sau talatin ana tsinto mai kyau, sau uku ya wadatar. Amshin taron jama'a ma ana iya gina shi daga nesa: kowa ya ja baya mita ɗaya ko biyu daga makirufo, ya ƙwala sau uku, a baza muryoyin hagu da dama, a bar su da rashin daidaitonsu.

Sai batun siyasa, wanda ba sabon abu ba ne a kiɗan punk. A Afrilun 1978 makaɗan punk The Clash sun yi wasa a gangamin adawa da wariyar launin fata na Rock Against Racism a Victoria Park da ke Landan, lokacin da masu ƙyamar baƙi ke ƙara ƙarfi a titunan Ingila. A 2020 babu dandali, don haka aka koma duba inda kuɗi ke tafiya. Ranar 20 ga Maris Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi a intanet, ya yafe kasonsa na yini guda, masu saye suka kashe dala miliyan 4.3. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu, kamfanin ya ba da kasonsa na 19 ga Yuni ga asusun shari'a na NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata a Amurka. Duk ƙungiyar makaɗan da ta ce waƙarta ta tallafi ce, ta faɗi sunan wanda za a ba, da kaso nawa, ta kuma wallafa rasit. Zagin "tsari" a dunƙule ba ya tayar wa kowa da hankali. Waƙar da ta ambaci kuɗin hayar da aka kasa biya, ko ma'aikaciyar jinya da ba ta da takunkumi, ita ce ke zama a zuciya.

Makaɗan punk Rebel Riot na birnin Yangon a Myanmar sun shafe shekaru suna raba abinci ga masu kwana a titi ƙarƙashin ƙungiyar sa-kai ta Food Not Bombs, tun kafin juyin mulkin 1 ga Fabrairun 2021. Ga masu waƙa a ƙasa irin wannan, aikin nesa na da nasa haɗari: hoton waya na iya ɗauke da wurin da aka ɗauke shi, sunan mai kwamfuta na iya maƙalewa a fayil, tagar da ta fito a bidiyo na iya nuna unguwa. A goge bayanan fayil, a rufe labule, a kuma tambayi kowane ɗan ƙungiya ko ya yarda sunansa ya fito kafin a saki waƙar.