Kwaɗo da furen Erica: dangi daban, fadama ɗaya

A tsarin rabe-raben halittu da Carl Linnaeus ya aza harsashinsa a ƙarni na 18, kwaɗo da furen Erica sun rabu tun daga matakin farko: wannan dabba, wancan tsiro. Ƙaramin kwaɗon Cape, Microbatrachella capensis, wanda tsawonsa bai kai santimita 2 ba, yana cikin dangin Pyxicephalidae. Ita kuwa Erica verticillata, mai furanni ruwan hoda, 'yar dangin Ericaceae ce. Amma duk biyun suna rayuwa a fili ɗaya, tsakiyar filin sukuwa na Kenilworth a birnin Cape Town, Afirka ta Kudu.

A ganina, nan ne masu ware kuɗin kare halittu ke kuskure, domin suna raba aikin ne bisa dangi: shirin kwaɗi daban, na tsirrai daban.

A jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, kwaɗon yana matakin haɗari mafi tsanani. Furen ya ma wuce nan, an lissafa shi cikin waɗanda suka ɓace a daji. Abin da ya cece shi shi ne, tsiro yana yarda da tukunya. An gano saura a wani lambu a Pretoria a shekarun 1980, wasu a lambun Kew na Landan da birnin Biyana na Ostiriya, aka yanki rassa aka dasa, aka mayar da su Rondevlei, wani wurin kare halittu a Cape Town, da Kenilworth. Sai dai daga 'yan tsirarun iyaye suka fito, kuma iri irin wannan ba ya da ƙarfin jure cuta.

Kwaɗo ba shi da reshen yanka. Yana buƙatar kududdufai masu ruwa mai tsami-tsami a ƙasa mai yashi, waɗanda ke cika da ruwan saman lokacin sanyi, su daɗe har talibambam ya yi ƙafafu. A haƙa magudana ko itatuwan Acacia da aka kawo daga Ostareliya su shanye ruwan, to haihuwar shekarar ta tafi.

Furen ma danshin nan yake so, kuma yana buƙatar gobara bayan shekaru goma zuwa goma sha biyar don irinsa ya tsiro. Idan wuta ta yi saurin dawowa, takan ƙone shi kafin ya tara iri. Saboda haka ya kamata kasafin ya tafi ga fadamar kanta: a tumɓuke baƙin itatuwa, a toshe magudana, a tsara lokacin sa wuta, a hana gini a bakinta.