Kujerar Tom H

Tunda Dogo ya riga ya baza labarin yadda ya ga dama, bari ni ma in faɗi nawa, duk da na san ba zai goge bidiyon ba.

Ku 'yan majalisa kun san ni ake juyowa a kalla in maganar finafinan Marvel ta taso. Ba ni na naɗa kaina ba, ku kuka naɗa ni. Kun kuma san sau biyu ina shan ƙasa kafin wannan. Na rantse John Krasinski ne zai zama Reed Richards, shugaban jarumai huɗun nan na Fantastic Four, tunda har an ɗanɗana mana shi a 2022. Ranar 14 ga Fabrairun 2024 aka saki wani kati mai zane, sai ga Pedro Pascal. Na ce Robert Downey Jr. ya tafi ke nan, mutumin da ke fitowa a Iron Man, wanda aka yi wa jana'iza a cikin fim a gaban idonmu a 2019. A watan Yulin 2024 wani ya hau dandamali a San Diego cikin koriyar alkyabba, ya cire abin rufe fuska, sai ga gogan naku, wai yanzu shi ne mugun nan Doctor Doom. Da mai hankali ne, daga nan zai kama bakinsa.

To, ranar Laraba 26 ga Maris 2025, azumi na 26, wajen la'asar, Marvel suka fara haska wani abu kai tsaye a intanet. Kujeru ne. Irin masu naɗewar nan na tamfol da 'yan fim ke zama a kai, kowace da suna a bayanta. Ba mutum, ba magana. Kyamara za ta tsaya a kan kujera ɗaya har ka ɗauka sabis ne ya ɗauke, sai bayan minti goma sha wani abu ta ja gaba ta nuna wata. Da haka wai za su sanar da waɗanda za su fito a Avengers: Doomsday. Babu wuta a unguwa, wayata saura kashi 9, sai na nufi rumfar Mai Caji.

A nan bakina ya ja mini. Na ce ko sunan kowa bai fito ba, na Tom Holland zai fito, domin shi ne Gizo, wato Spider-Man, kuma ba a taron jarumai babu Gizo. Dogo ya ce daga ina na ji. Na ce majiya mai tushe. Majiyar kuwa wani Bature ne a YouTube, mai buɗe baki a hoton kowane bidiyonsa, da jar kibiya tana nuna abin da ba kowa ke gani ba. Dogo ya ce to mu sa kuɗi. Na ce a'uzu billahi, caca a goman ƙarshe? Sai na yi abin da ya fi caca tsada. Na ce in sunan yaron nan bai fito ba, balangun majalisa na ranar Sallah a wuyana yake. Mutum bakwai suka shaida, har da wanda ya zo karɓar tocilarsa kawai.

Kujerar farko Chris Hemsworth. Na ce ai dole, Thor mai guduma. Ta biyu Vanessa Kirby, ta uku Anthony Mackie. Ina ta yi musu bayanin kowa da danginsa da abin da ya haɗa shi da wane, su kuma suna ta hamma.

Ana cikin haka Baba mai gadin kemis ya jawo bencinsa. Kun dai san Baba, in ya ga kai uku sun haɗu a kan waya ɗaya, nasa ne na huɗu.

"Ɗana, me ake rabawa?"

"Kujeru ake nunawa, Baba."

"Allahu Akbar. Har an fara? Wace ƙaramar hukumar?"

Na ce ba kujerar Makka ba ce, ta 'yan fim ce, a ƙasar Turawa. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma bai yarda ba, ya ce ai su ma Turawan yanzu suna musulunta sosai. Na sake bayani. Ya ce shi dai shekara huɗu ke nan ana rubuta sunansa a wajen kansila. Da aka zo kan Paul Rudd, wanda aka yi wa 'yar mitsitsiyar kujera saboda shi ne mai rikiɗa ya koma kamar tururuwa, Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashin, ya ce wannan ta yaro ce, kuma yaro ba a wajabta masa ba, ɓarnar kujera ce kawai. Daga nan na daina gyara masa. Duk sunan da ya fito sai ya ce, "Allah ya sa karɓaɓɓiya." Wyatt Russell, Allah ya sa karɓaɓɓiya. Simu Liu, ya tambaya ko Basine ne, ya ce masha Allah, addini ya yi nisa.

Aka kira magariba ina zaune. Dabino ɗaya Mai Caji ya miƙo mini, da shi na sha ruwa. Na damƙa wa ƙanin Dogo wayar, na ce ya rubuta duk sunan da ya wuce, na je na yi sallar da ni kaina na san an yi ta da sauri. Uwargida ta aiko yaro da kunun tsamiya a babban kofin silba da ƙosai a leda, tare da saƙon wai in ba ni da lafiya ne in faɗa. Na ajiye kofin a gefen ƙafata. Ku riƙe wannan.

Akwai kuma abin da Dogo ba ya faɗa in yana ba da labarin. Wayata tun faɗuwar da ta yi daga kan babur, gefen dama na gilashinta ya yi baƙi kamar an zuba tawada. Kusan sulusin fuskar ba a ganin komai. Duk wanda ya taɓa karɓar wayar ya sani.

An yi kujera 18. Na fara jin wani abu a cikina wanda ba yunwa ba ne. Dogo ya fara tambayar Mai Caji nawa ake sayar da kilo na balangu yanzu, yana ɗaga murya. Sai kyamara ta motsa.

T. O. M.

Na daina numfashi.

H.

Sauran ya shige cikin tawada.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da na sani shi ne na ji wata murya tana cewa, "Ga shi nan! Ga Gizo nan! Wa ya ce ban sani ba?" kuma muryar tawa ce. Na nuna Dogo da yatsa. Na ce, "Kai, Dogo, ilimi ba tsawo ba ne!" Na ce wasu a ƙauye suka ga talabijin, mu a cikinta aka haife mu. Na faɗi wata magana game da kakansa wadda ba zan maimaita ba, na kuma riga na ba shi haƙuri a kanta, ita kaɗai. Sannan na ɗaga wayar sama na yi tsakiyar titi da gudu don duniya ta gani.

Na manta wayar a jone take.

Igiyar ta biyo ni, allon soket ɗin Mai Caji ya biyo igiyar, wayoyin bayin Allah goma sha ɗaya suka biyo allon. Har yau ina jin ƙarar, kamar an zubar da tiren mai goro. Ƙafata ta hagu kuma ta sami kofin kunu. Rabi ya tafi cikin takalman Baba da ya cire ya ajiye, rabi ya hau farin yadina daga gwiwa zuwa ƙasa. Duk wannan bai tsayar da ni ba. Ina tsakiyar titi, hannu sama, allon soket na jan ƙasa a bayana kamar akuyar da ta tsinke da turkenta, ina ta "Tom! Tom!"

Lokacin kuwa mutane sun fara fitowa za su masallaci. Yaran layin suka ji ihu, suka ɗauka wuta aka kawo, suka ɗauki nasu ihun har ƙarshen layi. Wata mata ta leƙo ta kan katanga. Wani dattijo da darduma a kafaɗa ya tsaya ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Yaro, wata ka gani? A ashirin da shida?" Mai adaidaita ya taka birki yana tambaya ko ɓarawo ne. Baba kuma, ƙafa ba takalmi, ya ɗaga hannu biyu yana cewa Allah ya sa mu a danshinsa, tunda a fahimtarsa wani ɗan'uwana ne ya samu.

Ƙanin Dogo ne ya tako a hankali. Yaron nan ɗan aji uku ne a sakandare, ko gaishe ni ba ya iya yi sai ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya, kawo in gani." Na ba shi da alfahari. Ya juya wayar ta kwanta ta ɗaya gefen, hoton ya juya, tawadar ta koma wani wuri. Ya kafa ido. Ya fara haɗa baƙi kamar mai biya allo.

"Hi... dil... Yaya, Holland da 'i' ake rubuta shi?"

Tom Hiddleston. Loki. Mutumin da ko a cikin fim ɗin ba shi da sana'a sai yaudara.

Ba a yi dariya nan take ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shiru aka yi, irin wanda har kana jin injin Mai Caji yana tari. Kunu na bin ƙafata yana shiga tsakanin yatsu, da ɗuminsa. Na ce, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "Ai shi ma Tom ne." Sai Dogo ya faɗi daga kan benci.

Bari in tsaya a kan Dogo, don abin ya daɗe yana cina. Mutumin nan bai san komai a harkar nan ba. Komai. A wajensa kowane fim mutum biyu ne, akta da bos. Za ka yi awa guda kana warware masa yadda duniyoyi suka rabu, yadda mutum ɗaya zai mutu a wannan ya rayu a waccan, in ka gama sai ya ce, "To wane ne bos ɗin?" Da na ce masa bos ɗin wannan karon shi ne aktan da, cewa ya yi to ai fim ɗin Indiya ne, an gano 'yan biyu ne aka raba su a tashar jirgin ƙasa. Abin haushin ma, ban da amsar da zan ba shi. Wannan mutumin ne kuma ya ari fawa bank ɗina tun kafin korona, zai je ɗaurin aure Gusau ya dawo da shi. An haifi yara uku a auren nan. Da fawa bank ɗina na hannuna, me zai kai ni rumfar Mai Caji? Me zai haɗa ni da allon soket? Ku duba fa, duk abin da ya faru daga wajensa ya faro. Kuma a ce mutum yana kwance a ƙasa yana dariya har da hawaye, amma hannunsa bai girgiza ba, bidiyon ya fito tar, har da sautin ɗan "ai shi ma Tom ne" ɗin. Da ma can yana ɗauka. Wato tun kafin in miƙe yake fatan in kunyata.

Za ku ce daga nan na tafi gida. Ban tafi ba. Na taya Mai Caji tsince wayoyi, na wanke wa Baba takalmi da ruwan leda biyu, na koma na zauna, domin ba a gama ba, kuma ba a san inda rana za ta faɗi ba. Kujera ta gaba Patrick Stewart, mai shekara 84. Ta bayanta Ian McKellen, mai 85. Tsofaffin 'yan fim ɗin X-Men na tun shekarar 2000 aka kwaso. Na ce yanzu fisabilillahi a ba waɗannan a hana yaro ɗan shekara 28? Baba ya ce haka ya dace, a fara da tsofaffi, yaro yana da sauran lokaci, kuma da kansilanmu na da irin wannan adalcin da tuni ya sauke farali.

Aka tafi asham aka bar ni. Data ta ƙare, na sake saye. James Marsden, Channing Tatum, sai Pedro Pascal, wanda ya zo ya tuna mini tsohon ciwo. Bayan fiye da awa biyar, a kujera ta 27, sai ga mutum a karon farko: Downey da kansa, ya dubi kyamara ya ɗora yatsa a kan leɓe. Daga ni sai Mai Caji a wurin. Mai Caji ya ce, "Oga, kamar da kai yake."

Waya ɗaya ce ta fashe a cikin goma sha ɗayan, ta wani tela, kuma na biya kuɗin gilashi. Balangu na saya ranar Lahadi da aka yi Sallah, Dogo ya zo da baƙi biyu da ba su cikin shaidu. Uwargida ba ta ce komai ba a daren, ta dai karɓi kofin ta juya shi ta ga inda ya lotsa. Sai da safe na ji tana ce wa yaro, "Je ka tashi Tom ya yi sahur."

Fim ɗin ma an ɗaga shi daga Mayun 2026 zuwa 18 ga Disamba. Ni dai har yanzu ina ganin kujeru 27 ba su ne duka ba, akwai waɗanda aka ɓoye, amma ban ce komai ba, kada wani ya ce na ce.

Jiya na wuce ta gaban kemis, Baba ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, wannan ɗan'uwan naka, Tom, ya samu tafiya kuwa?" Na ce bai samu ba, Baba. Ya ce in gaya masa ya yi haƙuri, kira ne, in lokacinsa ya yi ko ba kansila zai je. Ya ce kuma takalmin nan har yanzu tururuwa na binsa.