A kai yara Birni, amma kar a tsaya a ƙofar fada

Makon jiya lakwal ɗin su ɗiyata ta kai ƴan aji biyar ziyara Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Mun ba da jika guda na mota da ruwan sha, kuma ban yi da-na-sani ba, don yarinyar ta dawo bakinta cike da labari. Ta ga dogarai a ƙofar fada. Ta ga gidan da Baturen nan Barth ya sauka a ƙarshen 1852. Ta rubuto a littafinta cewa Sarki Tanimu ne ya ƙarfafa ganuwar gari, an kashe Kyaftin Kazmaju na sojan Faransa a 1898 zamanin Amadu Kuran Daga, kuma nan Damagaram ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Mushe, wato malaminsu, ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa da alheri.

Tana cikin zuba sai kakarta ta katse ta: "Kishiya, da kika shiga zaure kika ɗaga kai, da me aka yi rufin?" Yarinya ta yi shiru. Babu wanda ya ce mata azara, balle ta san daga giginya ake fasa ta. Tun daren nan abin yake cina.

Muna kai yara su ga inda sarki ya zauna, ba ma nuna masu hannun da ya kwaɓa ƙasar. Ganuwar nan da muke alfahari da ita, wani ne ya mulmula tubalinta ɗaya bayan ɗaya, kuma da furar gero a cikinsa ya yi aikin. Dawakin fada, da ayarin raƙuman da ke sauka Zango daga Agadas, da majeman Birni, duk rumbun manomi ne ya riƙe su. Amma yau ka tara yara goma na Sabon Gari ka ajiye masu sungumi da hauya, ka ga nawa za su faɗa maka wanne ne na shuka, wanne ne na noma. Jikokin manoma ne fa, kusan dukansu.

Ni abin da nake so a yi, a ba ziyarar yini guda cur. Da safe a shiga wani tsohon gidan talaka a Birni, mai zaure da soro da turaka, a samo magini ya kwaɓa ƙasa a gaban yara, su ma su sa hannu su ɓata riga. Ya nuna masu yadda ake shafa makuba, ya faɗa masu dalilin da ya sa ɗakin ƙasa ke da sanyi a tsakiyar bazara alhali ɗakin kwano ya zama tanda. Bayan azahar a nufi gona, ko lambunan Miriya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. An yi sa'a ma ana komawa lakwal a watan Oktoba, daidai kaka, lokacin da ake ɗaure damma ana kai su rumbu. Yaro ya ɗaga dami ya ji nauyinsa. Yarinya ta ga sussuka da shiƙa da surfe, ta ƙirga hannun da gero ke bi kafin ya zama tuwon da take turo wa baki.

Kuma don Allah a bar tsofaffi su yi bayani da Hausa. Faransanci na nan yana jiran su a aji.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai, don ɗiyata ta ce akwai ƙawayenta da aka bari a gida saboda jikar nan. Ziyarar da ke raba ɗan mai shi da ɗan maras shi gara a sake mata tsari. Lakwal da yawa da ƙafa ma za su isa Birni, na mota kuwa mu iyaye da muke da hali mu cika wa sauran, ba sai an faɗi sunan kowa ba.

Abin da ke sa ni gaggawa shi ne damina ba ta jiran shawararmu. A watan Satumba na 2024 muna ji muna gani tsohon masallacin Birni, ginin wajen 1850, ya rufta bayan ruwan sama. Gidajen da ba a san sunansu ba kuwa kowace shekara sai an rasa wasu, magina tsofaffi suna tafiya, masu gado suna rushewa su zuba siminti.

Zan kai maganar taron iyayen yara na wata mai zuwa. Inna, kakar yarinyar, ta riga ta ce a zo a ɗauki dutsen niƙanta da faifanta, ita da kanta za ta nuna masu.