Motar da ta riga ni gaida surukina

Tun da hoton ya riga ya zagaye WhatsApp, har ƴan'uwa na Tawa sun fara kira suna tambaya ko lafiya, gara in ba da labarin da bakina kafin Injiniya ya ƙara masa gishiri. E, mutumin nan da ke rarrafe a ƙarƙashin kujeru da farar shadda, ni ne. Ba iska ce ta buge ni ba, kuma ban sha komai ba.

Abokinmu mai sayar da motocin Beljik, kun dai san shi, shi ya tsinci kwali a bayan wata tsohuwar mota da ta zo ta Lome. A ciki akwai ƴar kamiyo mai manyan tayu, tsawonta kamar kamu guda, da telekoman mai kama da bindiga, da bido na mai da ya ɗan wuce rabi. Ya ce jaka 60, na ce 35, muka shirya a 45. Na kai gida na ce wa uwargida ta yara ce. Babban ɗana shekararsa 6. Ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya raya yaran."

Ni a zatona irin ta caji ce, a danna ta tafi. Ashe inji ne na gaskiya a cikinta, da fistan da karbiratar da igiyar ja kamar ta gurup. Cikinsa bai cika cokalin shayi ba, amma yana juyawa fiye da sau 30,000 a minti guda. Kuma ba ya shan esansi. Mansa haɗi ne na metanol da nitrometan, shi nitrometan ɗin kashi 20 cikin 100 kamar yadda aka rubuta a jikin bidon, da man laushi a gauraye ciki. Na ɗauki bidon na zaga Katako, na zaga Wadata, na shiga Babbar Kasuwa. Kowa sai ya buɗe, ya shinshina, ya yamutsa fuska ya miƙo mini abina. Wani ya ce turare ne ya lalace. Jirgin sama kuma ba ya ɗaukar irin wannan mai a kayan fasinja, balle in roƙi wani mai dawowa daga Faransa. Sai na koma ina auna shi kamar zamzam.

Bujinta ma abin kallo ne. Ba ya tartsatsi. Wani ɗan siririn zare ne na filatinam a naɗe a ciki, sai ka kafa masa wata ƴar sanda mai pil guda ta gasa shi ya yi ja, ka ja igiya, in inji ya tashi ka zare sandar, zaren ya ci gaba da ci da kansa saboda metanol ɗin. Wannan bayani na yi wa Injiniya shi sau uku a fada, har shayi na biyu ya huce, bai karɓa ba.

Bari in tsaya kan Injiniya, don abin yana cina. Mutumin nan ba wanda ya taɓa ganin takardarsa, shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma muka bi don a zauna lafiya. Fankata tana rumfarsa shekara uku ke nan, kullum "saura abu guda". Shi ne ya ɗaga motar, ya juya ta kamar mai taya kaza, ya ce, "Inji duk inji ne. Zuba mata esansi da ɗan man moto, Turawa ne kawai ke son cin kuɗinka." Esansin dai na hana. Amma na shiga gida ɗauko sukari, kafin in fito ya zaro turnabis daga aljihu. Karbiratar ɗin nan tana da allurai biyu da ɗan sukurun ralanti. Babbar allura ta gudu ce, ƙaramar ta tashi daga tsaye. In ka murɗa dama ka rage mai, in ka murɗa hagu ka ƙara, kuma ana murɗawa ne kaɗan-kaɗan, kamar tafiyar awa guda a fuskar agogo. Shi kuwa ya ba kowace zagaye biyu cur, wai sun yi sako-sako. Ya kuma ciro wani ɗan rasor, ƴar naɗaɗɗiyar wayar nan da in an ja ta take komawa, da ke maƙale a hannun totur, ya ce, "Wannan ado ne, shi ke hana ta ƙarfi," ya jefa a aljihu. Ku riƙe maganar rasor ɗin nan.

Dare huɗu na yi ina kallon Turawa a YouTube kafin in mayar da alluran inda suke. A tsakani na ja igiya har tafin hannuna ya yi bororo. Ran nan igiyar ta ƙage gaba ɗaya, ashe mai ne ya cika injin. Maganinsa a kwance buji, a kife motar, a ja igiya man ya fita. Ban san da ƙarfi yake fita ba, na leƙa ramin. Sauran kun gani a idona ranar Litinin a sarbis.

Da sanyin hunturu ba ta son tashi da safe, sai na riƙa aron na'urar busar da gashi ta uwargida ina ɗumama kan injin. Ƙurar Yamai kuma tanki guda ya isa ta mayar da soson filtar ja wur, kuma in ƙasa ta shiga ciki fistan ya gama yawo, don haka kullum sai na wanke soson da sabulu, in shanya, in shafa masa mansa. In an gama wasa a tsiyaye sauran mai daga tanki, a ɗiga wani man daban cikin injin, saboda metanol yana jawo laima, tsatsa ta kama ciki. Uwargida ta tsaya a kaina ina wannan hidima ta ce, "Ƴarka wata takwas, ko sau ɗaya ba ka taɓa riƙe mata buta ana wanka ba."

Ba ni da ma'aunin zafi, sai na koyi dabarar yawu: ka tofa kaɗan a kan injin, in ya yi daƙiƙa uku ko huɗu kafin ya ƙafe to lafiya, in ya ɓace nan take ya yi zafi da yawa, a ƙara mai. Tsohuwar nan mai ƙosai ta bakin fili ta yi kwana biyu tana kallona ina durƙusawa ina tofa wa mota yawu. Rana ta uku ta ce, "Ɗana, in tofin bai ci ba akwai wani malami a Bukoki."

To, ranar Asabar. Suna ake yi a gidan maƙwabcinmu, matarsa ƴar ɗakinsu uwargida ce, don haka surukina ya taso tun daga Tawa, ya iso da dare ya sauka can, ban ko samu na je gaisuwa ba. An tare layi da bash, an jera kujerun roba. Na yi wanka, na sa shadda, na kafa hula, sai na ga saura kamar minti goma. Shaiɗan ya ce tanki guda ai bai fi minti goman ba. Na zaga filin baya.

Wallahi ranar ta tashi a ja na biyu. Hayaƙi shuɗi siriri yana bin ta, murya tas, irin yadda Turawan suka ce. Daɗi ya kama ni, na matse kunamar telekoman har ƙarshe. Na saki. Ba ta saki ba.

A cikin motar akwai pil huɗu da ke ba na'urar karɓar umarni wuta. Na tebur na saya, dala 20 kowane, wannan kam laifina ne, mu wuce. Pil ɗin sun mutu daidai lokacin da totur ke buɗe gaba ɗaya. Abin da zai ja shi ya rufe in haka ta faru shi ne rasor. Rasor yana aljihun Injiniya.

Ta miƙe kamar an harba ta. Na bi ta da gudu ina danna telekoman ina kiran "ke! ke!" sai ka ce akuya ce. Ta wuce mai ƙosai, ta daki wani dutse ta yi sama, ta dira ta canza alƙibla, ta nufi layinmu. Takalmina ɗaya ya tsaya a fili, ban koma ba. Ina shan kwana na hango bash, na hango liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, wuri ya yi tsit ana jiran Fatiha. Cikin wannan shirun ta shiga, da kuka irin na injin niƙa da aka shaƙe wa wuya.

Farantin goro da dabino ta fara ɗauka. Sannan takalman da aka jera a bakin tabarma. Dattawa suka ɗage ƙafafu sama lokaci guda, ban taɓa sanin gwiwoyin Alhajin kan kwana suna lanƙwasuwa haka ba, shi da ke salla a kan kujera. Ta bi ƙarƙashin layi na farko, ta bi na biyu, ta daki bango, ta kife a bayanta, tayu huɗu a sama suna juyawa a banza, kukan ya ninka. A ƙarƙashin kujerar wa? Duk Yamai da faɗinta, daga Yantala har Talaje, ba ta ga inda za ta kwanta ba sai ƙarƙashin surukina.

Hayaƙin man nan yaji gare shi, yana sa hawaye. Kan ka ce kwabo layin dattawa duk ana share ido da bakin rawani, sai ka ce ba suna ake ba. Shi kuwa Baba bai motsa ba. Yana zaune, hannu a ɗage yadda liman ya bar shi, hayaƙi yana fitowa ta ƙasan babbar rigarsa ta ko'ina.

Hanyar kashe injin nan uku ce: ka matse tiyon mai, ko ka tare ƙarfen da ke juyawa a ƙasa, ko ka toshe bututun hayaƙi. Duk ukun sai ka kai hannu. Ba hanya ta gaba, ba ta baya, sai ta ƙasa. Na durƙusa na shiga. "Gafara Malam. Gafara Alhaji. Sannu, a ɗan ɗaga." Ina rarrafe ina taka dabino da gwiwa. Shekara tara da aurena ban taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi a layi sai in cire takalmi tun daga nesa. Yau ga kaina yana gogar ƙaurinsa.

Na kai yatsa bakin bututun. Wuta! Na janye, kuma wata kalma ta kuɓuce mini wadda ba a faɗa a wurin suna, ba a faɗa a gaban liman, ba a faɗa a ƙarƙashin suruki. Na ciro hulata, sabuwa, ta sallar bana, na dunƙule na danna a bakin. Ta yi tari sau biyu ta mutu.

Shiru. Har kukan jaririn ana ji daga cikin gida.

Sai Baba ya sauke hannu a hankali, ya tattare gefen rigarsa, ya sunkuyo ya leƙo. Muka haɗa ido, karo na farko a shekara tara. Ya ce, "Malam, an tashi lafiya?"

Me zan ce? Na ce, "Lafiya lau, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya mutanen Tawa? Ya su Inna?"

"Duk suna gaishe ku. Ya aiki?"

"Da godiya, Baba."

"Ya sanyi?"

"Lokacinsa ne."

Duk wannan ina kwance rub da ciki, ƙafa ɗaya ba takalmi, hula tana hayaƙi a hannuna. Bai rage ko gaisuwa guda ba. Ni ina ganin da gangan ya ja ta, uwargida ta ce a'a, haka yake gaisawa da kowa. Da ya gama sai ya nuna motar da haɓa ya ce, "Wannan fa, ta wane ne?" Na ce, "Ta yara ce, Baba." Daga can bayan kujeru sai muryar ɗana, tas kamar an ba shi lasifika: "Kaka, ba ya bari mu taɓa ta!"

Liman ne ya fara, ya rufe baki da carbi kafaɗunsa suna rawa. Daga nan wuri ya ɓarke. Maroƙi, wanda tun safe bai samu abin kirki ba, ya ga kasuwa ta buɗe, ya bi ni har bakin layi yana "direban ƙarƙashin kujera, mai gaida suruki ta ƙasa!" Sai da na ba shi jaka guda ya yi shiru, na ba shi wata jakar don kada ya kai ta wani bikin. Ya kai.

Injiniya fa? Yana tsaye jikin bango da waya a hannu. Shi ya ɗauki hoton. Mutum yana ganin ɗan'uwansa a ƙasa, maimakon ya kawo hannu sai ya gyara tsayuwa don haske ya fito da kyau. Da na zo wucewa ta gabansa rungume da motar ya ce, yadda kowa zai ji, "Na faɗa maka, da esansi ka sa da ba ta yi haka ba." Da yamma na je rumfarsa neman rasor ɗina, ya juye gwangwanaye uku, ya ce kamar ya sa shi a rediyon wani. Na ce to fankata fa? Ya ce saura abu guda.

Motar tana saman kwaba yanzu. Zaren bujin ya ƙone, filtar ta faɗi tun wajen dutsen nan ta shaƙi ƙasa son ranta, in na ja igiya sai in ji ta taho salalau, ba tauri irin na da. Mai kuwa saura kamar lita guda, na ɓoye shi inda rana ba ta kaiwa. Kafin Baba ya koma ya tambayi ƴarsa nawa na saya, ta rufa mini asiri ta ce jaka 10. Ya yi shiru, ya ce an cuce ni.

Takalmin mai ƙosai ta ajiye mini. Sunan da aka raɗa wa jaririn ne har yau ban ji ba, kuma kunyar tambaya nake.