Lambar da na shekara takwas ban kira ba

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, nasihar yau kaina zan fara yi wa, domin abin a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba.

Akwai wata lamba a wayata da na shekara takwas ban kira ba. Sau uku ina canza waya, kowace sabuwa sai na kwashe lambar na zuba a ciki, kamar mai ajiyar iri. Ta wani abokina ce, tela a Azare. A gidansu na zauna lokacin da nake karatu a kwalejin ilimi ta garin. Ba dangin iya ba na baba, a masallaci muka haɗu, ya ga ina neman ɗakin haya kuɗina bai kai ba, ya ce in zo mu raba shagon da ke soron gidansu. Shekara uku ban san sayen abincin dare ba. Mahaifiyarsa, wadda kowa a layin yake kira Inna, ta ware mini kwano nawa na kaina, wani mai lotsattsen murfi. Ko ƙarfe goma na dawo daga karatu zan tarar da shi a bayan ƙofa, tuwon gero da miyar kuka, an naɗe da tsumma don kada ya huce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ɗan Bauchi take ce mini, har sunan ya bi ni a unguwar.

Ba faɗa muka yi ba, kuma wannan shi ne abin tsoron. Na dawo Bauchi, na samu aikin koyarwa, aka yi aure, yara suka zo. Kiran ƙarshe shi ya yi. Ina cikin aji, na danne wayar na ce in na fito zan neme shi. Na fito na manta. Da aka yi mako sai kunya ta kama ni. Da aka yi wata sai na ce ai yanzu waya ta yi kaɗan, sai dai in je da kaina, tunda zumunci a ƙafa yake. Da wannan karin maganar Shaiɗan ya ɗaure ni tamau. Bai ce mini in yanke abota ba, ya san ba zan yarda ba. Cewa ya yi in jira in yi ta da kyau. Daga baya ya ƙaro mini lissafi: shi ma ai bai sake kira ba.

Sai korona ta zo. Da aka tabbatar da mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, a majalisarmu dariya muka yi, muka ce ciwon masu hawa jirgi ne. Kafin ƙarshen Maris aka ce Gwamna Bala Mohammed ya kamu, aka rufe makarantu, dariyar ta ragu. Azumi ya kama, labarin mace-macen Kano ya cika kunne, can kuma sai na Azare ya taso. Cikin watan Mayu gwamnati ta kulle ƙananan hukumomin Katagum, inda Azare take, da Giade da Zaki na kwana goma. Wani dare bayan mun idar da asham a tsakar gida, ni da iyali, na buɗe Facebook. Innalillahi a sama, innalillahi a ƙasa, kuma yawanci dattawan Azare. Na riƙa duba hotunan ɗaya bayan ɗaya gabana yana faɗuwa. Ba zan yi wa kaina ado ba, ba kewa ce ta sa na danna lambar nan ba. Tsoro ne.

Bugu biyu ya ɗauka. Ban ko gama sallama ba ya ce, "Ɗan Bauchi! Ashe kana duniya?" Wato shi ma bai goge ba.

Muka gaisa, ya ibada, ya iyali, ya muka ji da wannan annoba. Ya ba ni labarin yadda ya ɗora kan kekensa a bayan babur ya kai gida kafin a kulle gari. Kayan Sallar mutane jibge a ɗaki, masu su ba halin su zo, wasu ma sun bugo sun ce a dakata, abin da za a ci ake nema. Shi kuma ya koma ɗinka takunkumin fuska da ragowar ƙyallen atamfa da shadda, yara suna zura masa roba. Ya ce duk wanda ya gani a layinsu da atamfa a hanci ya san ko zanen wace ce. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi, na yi tsit, ya ce in kwantar da hankalina, kunun tsamiya ne ya bi ta wata hanya. Muka tuno ranar da ruwa ya ci shagonmu muka kwana a tsaye. Kusan minti arba'in, kamar jiya muka rabu. Tsohuwar zuma dai.

Sai na ce, "To ba ni Inna mu gaisa, na san zan sha faɗa."

Ya yi shiru. Ina jin kukan yaro daga nesa. Can ya ce, "Malam, Inna ai ta rasu. Wannan ne azumi na uku ba ita."

Malam ya ce mini. Tunda muke bai taɓa kirana haka ba.

Na ce me ya hana ya gaya mini? Ya ce ya ɗauki wayar ya fi a ƙirga, sai ya ga kamar roƙon gaisuwa zai yi. Ya ce har a ciwonta na ƙarshe takan tambaya ko an ji ɗuriyar ɗan Bauchi, shi kuma ya ce mata aiki ne ya yi mini yawa, ta ce Allah Ya yi masa albarka. Ya yi mini ƙaryar rufin asiri, ita kuma ta bi ni da addu'a.

Ku duba lissafin da kyau. Ba korona ce ta ɗauke ta ba. Shekarar da ta rasu ba dokar kulle, ba shingen jami'an tsaro, ba takunkumi. Motocin Azare kullum suna lodi a tasha, a bi ta Darazo a ratsa Misau, in ka fita da safe a can za ka yi azahar. Gwamnati kwana goma ta rufe hanyar nan, muka yi ta ƙorafi. Ni na rufe ta shekara takwas ba wanda ya sa ni.

Daren nan wani hadisi ya hana ni barci. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin wata tsohuwa da ta zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tarbe ta da fara'a yana tambayar ta yaya suke, yaya bayan rabuwa. Da ta tafi A'isha ta yi mamakin irin wannan tarba. Ya ce ai ta kasance tana zuwar mana tun zamanin Khadija, kuma kyautata tsohon alkawari yana daga cikin imani. Daga cikin imani ya ce, ba daga cikin kara ko wayewa ba. Kuma ya tabbata cewa yakan yanka akuya ya aika da naman ga ƙawayen Khadija, shekaru bayan rasuwarta. Mutumin da al'umma gaba ɗaya take wuyansa bai ce aiki ya yi masa yawa ba. Ni da nake da aji biyu da rajistar kiran suna na ce ba ni da lokaci.

Na san abin da zuciya za ta ce, don tawa ta faɗa mini: ai ba gaba muke ba, hadisin kwana uku bai hau kanmu ba. Na yarda, shiru irin wannan ba shi ne ƙauracewar da aka haramta ba. Amma ku tuna ƙarshen hadisin, mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Mu kuwa mun mayar da fara sallama faɗuwar girma. Muna ƙirga kira kamar masu adashe, na zuba, saura kai. A kan dangi Annabi ya ce mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa yake sadarwa. Maganar a kan dangin jini ta zo, ban ce a kan abokai ba, amma duk wanda ya saba da lissafin nan a kan aboki, wallahi da shi zai auna ƙanwar babansa.

Kada wani ya fahimci cewa ina kiran mutane su yi fatali da matakan lafiya da sunan ziyara. Ni kaina a daren na ce gobe zan san yadda zan yi in shigo Azare, shi ya hana ni. Ya ce zauna inda kake, kana da tsohuwa a gida. Kuma shi ya fi ni gaskiya. Sayyadina Umar ya kama hanyar Sham, a Sarg labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya raba gardama: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta auku kuna ciki kada ku fita don gudunta. Ƙafa ce aka ɗaure, ba harshe ba. Katin naira ɗari ya isa.

In ka kira kuma, kada ka tsaya a kan "lafiya lau". Lafiya lau ɗin Bahaushe ba labari ba ne, ko an kwana biyu ba a ɗora tukunya ba haka zai ce maka. Tambayi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, ka fara da tsofaffi, kada ka bar su ƙarshe kamar yadda na yi. Tambayi kasuwa, ka saurari abin da bai faɗa ba. In tela ne ba shi ɗinki ka biya tun kafin ya yanka, in ɗan kasuwa ne sayi abin da yake sayarwa, ya fi masa sauƙin karɓa a kan kyauta. Wanda ba shi da ko sisi yana da addu'a a bayan ido, wadda mala'ika yake cewa amin, kai ma kana da irinta.

Sai bayan ƙaramar Sallah da makonni na samu zuwa. Na same shi a bakin soro, furfura ta fito masa a gemu, ga tabarau da ban san shi da shi ba. Ya miƙo hannu, ni ma na miƙa, sai muka tuna a tare, kowa ya mayar da nasa ƙirji muna dariyar da ba ta kai ciki ba. Aka shimfiɗa tabarma biyu. Na ce, "Ya haƙuri?" Gaisuwar da ta makara da shekara biyu. Ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki." Mai ɗakinsa ta amsa tata daga bayan labule. Na ɗaga hannu na yi wa Inna addu'a, muryata ta ƙi fita sosai, shi ya ƙarasa.

Da zan tashi ya shiga tsohon shagonmu ya jawo wani akwatin ƙarfe, duk ya yi tsatsa. Nawa ne, na littattafai, na bar shi ranar da na gama makaranta na ce zan aiko a ɗauka. Ya ce sau biyu ana gyaran soron yana son fitar da shi, Inna ta hana, ta ce amanar ɗan Bauchi ce, zai zo. Muka ɓalle kwaɗon da guduma. Gara ta cinye rabin takardun, sai wani littafin nahawu da ya tsira da bangonsa.

Ya ce in kira mai babur a ɗaure mini shi zuwa tasha. Na ce a'a, ya mayar da shi inda yake, bayan layya zan zo in ɗauka. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Wace layyar?" Na ce ta bana, in Allah Ya kai mu. Ya ja akwatin ya mayar bayan ƙofa, daidai inda ake ajiye mini kwano.