Gurgu da Makaho Suna da Gurbi a Lambunanmu

A nan Ingila inda nake zaune, aikin lambu ya shiga cikin hanyoyin kula da lafiyar masu buƙata ta musamman. Ƙungiyar Thrive, wadda aka kafa a shekarar 1978, tana da lambuna a Landan da Birmingham da kusa da Reading, inda masu shanyewar ɓarin jiki da makafi da tsofaffi masu ciwon mantuwa ke koyon shuka da dashe da ban ruwa. Ina taimakawa a wani ƙaramin lambu irin wannan, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne sauƙin dabarun. An ɗaga komayen shuka da katako domin mai keken guragu ya kai hannu daga zaune, an yi wa kayan aiki ƙota mai kauri saboda hannun da ba ya iya damƙa, makaho kuwa an ja masa igiya mai ƙulli-ƙulli domin ya gane tazarar shuka da laluɓe. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da zai gagari kafinta ko maƙeri a kasuwar Kura.

Mu da muka tashi a Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonaki rani da damina, mun fi mutanen nan sanin ƙasa da iri nesa ba kusa ba. Duk da haka, da zarar yaro ya kamu da shan inna ko magidanci ya rasa idonsa, sai a ce masa ya huta, 'yan'uwa za su noma masa. Tausayi ne, na yarda, amma tausayin da ke raba mutum da fartanya sau da yawa a bakin titin Kano yake ƙarewa da ƙoƙon bara. An tabbatar da kawar da shan inna na asali daga Afirka a 2020, sai dai da yawa daga cikin waɗanda cutar ta riga ta taɓa yanzu magidanta ne masu iyali. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a Najeriya a 2019 kuwa ba za ta ba kowa fili a bakin ruwa ba.

Ba na ganin ya kamata mu kwaikwayi Turawa gaba ɗaya. A nan, natsuwa da motsa jiki da cuɗanya da jama'a ake nema, domin gwamnati na ba naƙasasshe tallafin rayuwa. A wurinmu, lambun da bai kawo kuɗin cefane ba, ba zai wuce kaka ɗaya ba. Saboda haka nake ganin rainon irin tumatir da tattasai da albasa ya fi dacewa, domin aiki ne na haƙuri da kulawa da ake iya yi a zaune, manoman rani kuma suna saye lokacin dashe. Zogale da alayyahu ma ba sa buƙatar fili mai yawa.

Dagatai da masu unguwanni su zauna da Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, su ji daga bakinsu, sannan a ware musu komaye kusa da magudanar ruwa kuma kusa da hanya, tunda keken guragu ba ya tafiya a cikin yashi da taɓo. A kuma rubuta filin da sunan masu aikin, domin kada wani ya karɓe shi ranar da ya fara kawo amfani.