Tukunyar da ba ta son a tsaya a kanta

Uwargida ta tafi Kano bikin ƙanwarta, ta bar ni a Columbus ta jihar Ohio a Amurka da firiza cike da robobin miya, kowace da takarda a manne: wannan kuka, wannan taushe, wannan ta kuɓewa. A lissafinta za su kai ni har ta dawo. Abin da ba ta saka a lissafin ba shi ne, gwauro ko na wucin gadi ne ba ya rasa 'yan taya hira, kuma hirar tasu ba ta tashi sai lokacin cin abinci. Tun tafiyar ba ta yi rabi ba robobin suka koma wankakku, a kife.

A wurin aiki akwai wata dattijuwar Baturiya da kullum take ɗumama wata miya mai ƙamshi da rana, kaza da karas da wasu 'yan dunƙule-dunƙule na fulawa suna iyo a ciki. Na tambaye ta, ta ce sunansu tortellini, kuma ai wannan miyar ko yaro zai yi ta in dai akwai Crock-Pot a gida, wato tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali. Akwai kuwa. Uwargida ta sayo ta a rangwamen da suke yi ƙarshen Nuwamba, ta ɗora ta saman kabad, tun daga ranar babu wanda ya sake yi mata sallama. Dattijuwar ta ce, "Ka zuba komai da safe ka tafi harkarka." Wannan jimlar na ji ta da kunnena, kuma a kanta nake har gobe. Daga baya ta yi iƙirarin wai ta ƙara da wata magana a kan tortellini ɗin. Mai yiwuwa ne. Injin ɗumama abinci dai yana ta gurnani a lokacin.

Tun kafin in sayi ko albasa na riga na sanar a masallaci bayan Juma'a cewa gobe da magariba akwai abincin Italiya a gidana.

Kaza ba ta ba ni wahala ba, garin cike yake da shagunan Somalawa masu naman halal. A babban kanti ne na sha tsayuwa. Na tarar da tortellini kala-kala a firji, na ɗauki wanda ledarsa ta fi kyau, Allah Ya sa na juya bayanta. Prosciutto. Mortadella. Na danna waya, sai ga shi duk sunaye ne masu daɗin faɗa na naman alade. Ashe asalin abin, na mutanen Bologna da Modena a arewacin Italiya, da alade ake cusa shi, da cukun Parmigiano da ƙwai. Kuma ba wasa suke da shi ba, don a 1974 har rajistar haɗin aka yi a hukumar 'yan kasuwa ta Bologna, kada wani ya zo ya ɓata musu gado. A nan tsaye na ci karo da labarin da suke bayarwa na siffarsa: wai wani mai masauki ne a Castelfranco Emilia ya leƙa ɗakin baƙuwa ta kafar makulli, bai hango komai ba sai cibiyarta, ya ruga kicin ya murɗa fulawa ya kwaikwaya. Na ce a'uzubillahi, abinci tushensa leƙe. Na mayar da na aladen da yatsu biyu, na ɗauki mai cuku zalla, leda uku, na karanta bayan kowace kamar mai duba takardar fili.

Asabar bayan asuba na sauko da tukunya. Abu ne mai sauƙin gani: kasko mai nauyi na tangaran, zaune a cikin gidan ƙarfe, da murfin gilashi, da maɓalli guda mai ƙaramar wuta da babbar wuta. Na jera tsokar ƙirjin kaza a ƙasa, na bi da albasa da karas da seleri da tafarnuwa, na juye romon kwali. Da na leƙa sai na ga abin fari fat, babu alamar imani a tare da shi. Na jefa attaruhu huɗu, na ƙara citta, na marmasa daddawa daga cikin wadda uwargida take ɓoyewa a gwangwanin madara. Sannan na farke ledojin tortellini duka ukun na zazzage. Komai aka ce.

Sai ruwa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace ya san tukunyar da za ta yi awa takwas a wuta sai an cika ta, in ba haka ba ka dawo ka tarar da gawayi. Na cika ta har wuya. Takardar da ta zo da ita, wadda na gani daga baya a ƙasan kwali, ta ce kada a wuce kashi biyu cikin uku, saboda murfin ba ya barin tururi ya fita, ruwan da ka zuba shi za ka tarar, har da ƙarin wanda kaza da kayan lambu suka tsatso. Amma takardar da aka ɓoye a ƙasan kwali ai ba a yi niyyar a karanta ta ba.

Na murɗa ƙaramar wuta. Shiru.

Na ja kujera na zauna. Mahaifiyata ba ta taɓa yarda a ɗora tukunya a bar gida ba, kuma ban ga dalilin da zai sa tsallaka teku ya soke wannan doka ba. Awa guda ta wuce babu tafasa, babu ƙara, babu ko ɗan ɓul-ɓul ɗin da zai nuna maka ana aiki. Na taɓa gefenta, ɗumi-ɗumi. Na ɗaga murfi na juya. Bayan ɗan lokaci na sake ɗagawa na ɗanɗana gishiri. Na sake ɗagawa don in tabbatar ɗagawar da na yi ba ta ɓata komai ba. Masana wannan tukunya sun ce duk ɗagawa ɗaya tana mayar da girki baya da kusan minti 20, wato a safiyar nan ni da ita mun yi ta ja-in-ja, tana tara zafi ina zubarwa.

Cikin zaman gadin ne na karanta tarihinta. Wani Bayahude ne a Chicago, Irving Naxon, ya samu lasisin ƙirƙirarta a 1940, kuma daga labarin mahaifiyarsa ya samo dabarar: a garinsu a Lituwaniya, tun ranar Juma'a ake kai tukunyar wake da nama gidan burodi a tura cikin tanda mai sauran zafi, ta kwana tana nuna, saboda ba sa kunna wuta ranar Asabar. Kamfanin Rival ya saye ta ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, lokacin da matan Amurka ke ta fita aiki. Wato an yi ta ne musamman don a ƙyale ta ranar Asabar. Ni kuma Asabar ɗin na ware na tsare ta da ludayi.

Da azahar ta yi na ga har yanzu ba ta da niyya, na murɗa mata babbar wuta na tafi masallaci. Aka yi salla, aka zauna hira, aka yi la'asar, aka ɗan ƙara.

Ƙamshi ne ya tare ni tun daga matakala, har na fara tausaya wa uwargida, mace ta yi shekaru tana wahala a kan abin da na gano a yini ɗaya. Na ɗaga murfi. Ruwan nan da na cika har wuya babu shi. Tortellini sun shanye shi tas, sun kumbura, sun farfashe, sun amayar da cukun cikinsu. Kazar kuwa, irin ta nan ce da ko an harare ta sai ta nuna, ta saki jiki ta zama zare-zare. Na soka ludayi a tsakiya na sake shi, ya tsaya da ƙafarsa. Na watsa alayyahu a kai, ko kore zai rufa asiri.

Baƙi uku suka zo: wani Alhaji ɗan Damagaram mai tuƙa babbar mota, da abokina ɗan zangon Kumasi, da wani ɗalibi da bai daɗe da zuwa daga Zariya ba. Na zuba wa kowa. Ɗalibin, da yake shi ne mai karatu, ya buɗe hoton miyar a wayarsa, ya dubi hoton, ya dubi kwano, ya mayar da wayar aljihu cikin ladabi. Ɗan Kumasi ya ci loma ɗaya, attaruhu da daddawa da cuku suka gaisa a bakinsa, ya ce yana zuwa, ya sauka mota ya dawo da kwalbar shito, soyayyen yajin mutanen Gana.

Alhaji ya daɗe yana yawo da cokali a cikin kwano.

"Malam, ka ce da kaza?"

"Tana ciki, Alhaji."

"To, Allah Ya sa." Ya kai baki, ya tauna abin da ba ya bukatar tauna, ya yi shiru, sannan fuskarsa ta washe. "Kai! Ai fate ne. Ka ce mana fate ka yi, kake ta wani Italiya."

Ana cikin haka uwargida ta kira ta bidiyo, dare ya raba a Kano amma gidan biki ba a barci. Na so in nuna mata fuskata kawai, ɗan Kumasi ya karɓe wayar ya haska mata tukunya. Ta yi shiru.

"Yallaɓai, ɗauko min ledar abin."

Na ciro ta daga kwandon shara.

"Juya bayanta. Minti nawa aka rubuta?"

Na ce rubutun ƙanana ne.

"Ba wa yaron nan ya karanta."

Ɗalibin ya karanta, da murya ƙasa-ƙasa, 'yan mintoci ne da ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ta ce ko a wannan tukunyar, sai kaza ta nuna an yayyage ta, saura kamar rabin awa a ci, sannan ake zuba su. Na ce in ta san haka me ya sa ta bar tukunyar a saman kabad ba ta taɓa amfani da ita ba. Ta ce saboda ta karanta takardar. Sai na ji muryoyin mata a bayanta, ashe tun ɗazu ƙannenta da gwaggonninta suna leƙe, wata har tana cewa a matso mata da ludayin ta gani. Sannan ta tambayi gwangwanin madararta, na ce layin yana yankewa.

Alhaji dai ya yi ƙari, ya kuma nemi roba ya kwashe ragowar, ya ce zai yi masa guzurin hanyar Indiana, tunda abu ne da ba ya zubewa ko an taka burki. Juma'ar da ta biyo baya ina shiga harabar masallaci na tarar labari ya riga ni, mai kula da jadawalin buɗa-baki na azumi ya tare ni da biro a hannu, ya ce an sa ni a goman farko, faten Italiya na mutum sittin, kuma Alhaji ya ce kada a canja komai.